Sha'awata ta ɗauke tun da na fara maganin ciwon hanji: maganin ne ko cutar ce?

Mai Neman Sauƙi ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa game da cututtukan ciki ba tare da na sa baki ba, amma yau wata damuwa ta tilasta mini magana, kuma damuwa ce da na kasa furtawa a gaban likitan da ke duba ni, duk da cewa shi ne ya fi cancanta ya ji ta. Ina roƙon a yi mini uzuri idan maganar ta yi wa wani nauyi.

Ni magidanci ne, shekaruna ba su kai arba'in ba. A bara, bayan doguwar fama da gudawa mai jini da murɗawar ciki da rama, aka zura mini na'urar duba hanji, aka tabbatar cewa ina da kumburin babban hanji mai sa gyambo, wanda likitoci ke kira kolaitis. Tun farko an gaya mini cewa cuta ce da ba ta rabuwa da mutum gaba ɗaya, sai dai a kwantar da ita, takan lafa kuma takan tashi. An ɗora ni a kan mesalazine, wanda nake sha kullum, sannan duk lokacin da ciwon ya tashi sai a ƙara mini prednisolone, a fara da miligiram 40 a rana, a riƙa ragewa mako-mako har ya ƙare. Yanzu haka ina tsakiyar shan sa, kuma ba wannan ne karo na farko a bana ba. Likita ya ce idan ciwon ya sake dawowa bayan na gama, zai ƙara mini azathioprine.

Ta fuskar hanji, alhamdu lillahi, na samu sauƙi ƙwarai, domin jinin ya tsaya kuma yawan zagayawa ya ragu. Sai dai sha'awar iyalina ta ɗauke mini ɗif. Ina so a fahimce ni da kyau: ba wai raina yana so jikina ya ƙi ba ni haɗin kai ba ne, a'a, son ne kansa babu shi. Abin ba ya faɗo mini a rai da rana, ba ya faɗo mini da dare, alhali ƙaunar da nake yi wa mai ɗakina tana nan yadda take, ban ga wani aibu a tare da ita ba, kuma babu wata da ta ɗauke mini hankali. Da dare nakan riga ta kwanciya, in juya fuskata bango, in rufe ido kamar barci ya kwashe ni, alhali maganin nan ba ya barina in runtsa sai dare ya raba. Ina jin lokacin da take kashe fitila, ta ɗan jima zaune a bakin gado kafin ta kwanta, ba ta cewa uffan, kuma wannan shirun nata ya fi mini ciwo a kan duk murɗawar cikin da na sha.

Abin da nake son sani shi ne, maganin ne ya jawo wannan ko kuwa cutar ce da kanta, kuma shin abin yakan dawo, ko kuwa ya tafi ke nan? Na yi tunanin in ajiye prednisolone na mako guda in ga ko za a samu canji, domin in gane inda matsalar take kafin in koma asibiti. Duk wanda ya san wani abu a kan wannan, ko ya taɓa shiga irin halin da nake ciki, don Allah ya taimaka mini da shawara.

Mai Harhaɗa Magani ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Zan fara da abin da ya fi gaggawa a cikin maganarka, wato tunanin ajiye prednisolone, kuma ina roƙonka da ka cire shi daga ranka tun yanzu. Jikin ɗan Adam yana samar da nasa sinadarin mai kama da wannan magani, ana kiran sa kotisol, daga wasu 'yan ƙananan gaɓɓai biyu da ke zaune a saman ƙoda. Idan mutum ya ɗauki sama da mako uku yana shan prednisolone, waɗannan gaɓɓan sukan rage aikinsu tun da abin yana zuwa daga waje, kuma ba sa farfaɗowa a rana ɗaya. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake rage shi sannu a hankali. Wanda ya yanke shi kwatsam yana iya faɗawa cikin kasala mai tsanani da jiri da amai, jininsa ya sauka ƙasa sosai har ya kai ga suma, ga shi kuma kumburin hanjin zai iya dawowa da ƙarfinsa, a sake ɗora shi a kan miligiram 40 daga farko. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Game da tambayarka ta farko, mafi yawan lokaci ba abu ɗaya ba ne, abubuwa ne da suka haɗu a lokaci guda. Prednisolone yana da hannu babu shakka. Yana rage saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa 'ya'yan maraina domin su samar da sinadarin testostiron, wanda shi ne babban jigon sha'awar namiji, kuma yana hana barci kamar yadda ka bayyana, yana dagula yanayin zuciya, yana kumbura fuska yana ƙara teɓa, har mutum ya kalli madubi ya ji ba shi ba ne. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya sanyaya sha'awa, balle a ce sun taru. Amma mesalazine ba a san shi da wannan illa ba. Wanda ake yawan rikita shi da shi shi ne sulfasalazine, kuma shi ma abin da aka san shi da shi shi ne rage yawan ƙwayoyin maniyyi, ba kashe sha'awa ba, kuma hakan yakan gyaru cikin wata biyu zuwa uku bayan an canza magani. Shi kuwa azathioprine da ake shirin ƙara maka, kada ka ɗauke shi a matsayin ƙarin masifa. Likitocin hanji suna kallon buƙatar sitiroyid, wato dangin magungunan da prednisolone ke ciki, sau biyu ko fiye a cikin shekara guda a matsayin alamar cewa maganin yau da kullum bai wadatar ba, kuma amfanin azathioprine shi ne ya raba ka da komawa prednisolone a kai a kai, ko da yake yakan ɗauki kusan wata uku kafin ya kama aiki sosai.

Sai dai ni a ganina, mutane suna saurin ɗora wa magani laifi su manta da cutar, alhali ita ma ba ƙaramin kaso take da shi ba. Sinadaran da jiki ke fitarwa a lokacin kumburi suna danne samar da testostiron ko da mutum bai sha sitiroyid ko ƙwaya ɗaya ba. Jikin da ke yaƙi da ciwo kamar magidanci ne da kuɗi suka yi wa ƙaranci, yakan fara yanke abin da rayuwa za ta iya tafiya ba tare da shi ba, kuma sha'awa tana cikin abubuwan da ake fara yankewa. Ka tuna kuma cewa raguwar gudawa ba ta nufin kumburin ya mutu murus, shi ya sa ake yin gwajin CRP a jini da gwajin kalfurotektin a bayan gida, domin a ga abin da ido ba ya gani.

Abin da na fi zargi a irin labarinka, kuma wanda aka fi sakaci da shi, shi ne ƙarancin jini. Mutumin da ya yi watanni yana zubar da jini ta hanji da wuya a ce ajiyar sinadarin ƙarfen da ke jikinsa ba ta taɓu ba, kuma tsayawar jinin ba ta mayar da abin da ya riga ya zube. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar himogulobin, wato sinadarin da ke sa jini ja, ƙasa da 13 a jikin namiji baligi, ko ƙasa da 12 a jikin mace marar ciki, a matsayin ƙarancin jini. Amma ba a tsayawa a nan, sai an auna feritin, wato ma'aunin ajiyar ƙarfe, kuma a nan akwai wani tarko da ya kamata ka sani: kumburi yana ɗaga feritin, saboda haka a jikin mai ciwon da bai lafa ba, feritin da bai kai 100 ba yana iya nuna ƙarancin ƙarfe, ko da takardar sakamako ta nuna kamar lafiya lau. Wanda ke haki idan ya hau bene, wanda ke jin jikinsa a mace tun la'asar, ba abin mamaki ba ne dare ya yi ya ji ba ya buƙatar komai sai kwanciya. Ƙwayoyin ƙarin jini da ake sha ta baki sukan tayar wa wasu masu wannan ciwo da ciki, shi ya sa sau da yawa ake ba su ta jijiya.

Idan za a auna testostiron, da safe ake ɗibar jinin, domin da safe yake kai ƙololuwarsa, kuma ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya, sai an maimaita. Sakamakon da aka samu kana tsakiyar shan prednisolone ba shi ne haƙiƙanin matsayinka ba, don haka ko ya nuna ƙasa kada hankalinka ya tashi, a sake bayan ka gama. Ina da tambaya guda a gare ka: ban da waɗannan biyun, akwai wani magani da kake sha, ko na tashin zuciya, ko na rage zafi, ko na barci, ko na damuwa? Ka rubuto sunayensu yadda suke a jikin kwali, domin sau da yawa a can ake samun bakin zaren.

Uwar Yara ta rubuta:

Sannu ƙanena, Allah ya yaye maka. Na girme ka, kuma na girme ka a wannan jinya, domin ni cutar Crohn nake fama da ita shekara da shekaru, 'yar'uwar taka ce, sai dai ita tana iya kama ko'ina daga baki har zuwa dubura. Duk abin da Malam Mai Harhaɗa Magani ya faɗa gaskiya ne, ka riƙe shi da hannu biyu. Amma zan ƙara wani abu da gwajin jini ba ya nunawa, domin akwai lokacin da aka auna ni aka ce komai ya daidaita, kumburi ya lafa, jini ya cika, an raba ni da sitiroyid, amma sha'awa ta ƙi dawowa.

Abin da ya riƙe ta tsoro ne. Wanda bai yi ciwon hanji ba ba zai gane yadda mutum ke rayuwa hankalinsa rabi yana kan cikinsa ba. Ka shiga wuri, kafin ka nemi kujera ka fara neman inda banɗaki yake. Wannan sauraron ciki ba ya tsayawa a ƙofar ɗaki, yana bin mutum har kan shimfiɗa. Nakan kwanta ina lissafin ko cikina zai yi ƙugi, ko iska za ta kuɓuce mini, ko zan tashi da gudu a tsakiyar al'amari, ko wari zai fito, kuma zuciyar da ke wannan lissafi ba ta da sararin da za ta so wani abu. Da daɗewa sai jiki ya saba, ya riƙa ɗaukar kusantar miji a matsayin abin fargaba, ko bayan ciwon ya kwanta. Ka binciki kanka da gaskiya ko akwai irin wannan a tare da kai, domin maza ba su cika yarda su kira shi tsoro ba, sukan ce gajiya ce kawai.

Amma abin da ya sa na kasa wucewa ban yi magana ba shi ne zaman da ka ce matarka tana yi a bakin gado. Ƙanena, wannan zaman ba na banza ba ne, tunani take yi, kuma tun da ba ka ba ta dalili ba, ita ce ke ƙirƙirar dalili da kanta, kuma mace ba ta cika ƙirƙirar dalilin da zai yi mata daɗi ba. Za ta ce jikinta ne ya canza, ko ta yi maka wani laifi da ba ta sani ba, ko wata ce ta shiga tsakani. Ta kuma san ba barci kake yi ba, domin wadda ta daɗe tana kwana kusa da mutum ta san numfashinsa na barci. Ni maigidana sai da ya kai ga tambayata, cikin sanyin murya, ko zaman auren ne ya ishe ni, kuma a ranar na gane cewa shirun da nake yi don in rufa wa kaina asiri shi yana karanta shi a matsayin ƙi. Ka faɗa mata abin da ka faɗa mana, da irin kalmomin da ka faɗa mana, cewa son da kake yi mata yana nan, jikinka ne ciwo da magani suka danne. Kada ka yi wannan magana da dare a kan gado, inda kowannenku yake a ɗarare, ka yi ta da rana kuna zaune, hankali kwance.

Bayan haka akwai 'yan dabaru da suka taimake ni. Kowane mai wannan ciwo ya san lokutan da cikinsa ya fi lafawa, kuma ga da yawa daga cikinmu sassafe da bayan cin abinci su ne mafi muni, saboda haka babu dalilin ɗaure al'amarin ga wani lokaci guda. A zagaya tukuna, kuma wanda aka ba maganin matsawa ta dubura na dare ya bar shi sai daga baya. Abu mafi muhimmanci shi ne ku yarda tsakaninku cewa kusanci ba dole ne ya kai ga saduwa ba. Ka daina juya mata baya, ka riƙe hannunta, ku yi hira a kwance, ba tare da kowa yana jiran wani abu ba. Na lura cewa bayan doguwar jinya sha'awa ba ta cika zuwa da kanta ta kira mutum kamar da ba, sau da yawa sai an kusanci juna cikin natsuwa sannan take biyo baya, kuma wanda ya zauna jiran ta fara zuwa yana iya daɗewa yana jira.

Ga 'yan'uwana mata da ke karanta wannan ba su yi magana ba, namu yana da nasa ƙarin. Akwai bushewar gaba, akwai zafi lokacin saduwa, akwai ƙaiƙayin da sitiroyid ke jawowa, kuma a cutar Crohn akan samu ƙurji ko wata 'yar hanya da ke ɓullewa kusa da dubura, wani lokaci har ta haɗe hanji da farji. Zafi irin wannan ba abin daurewa ba ne, alama ce da likita ke buƙatar ji, kuma akwai magani. Wadda kuma aka ɗora a kan methotrexate ta sani cewa ba a ɗaukar ciki a kansa saboda illar da yake yi wa ɗan tayi, don haka maganar tsarin iyali dole ce a yi ta da likita tun kafin a fara.

Abokin Jinya ya rubuta:

Allah ya ƙara sauƙi, ɗan'uwa. Maganar Yaya ta ratsa ni, amma ina so in ja hankali kada a karkata gaba ɗaya zuwa ga tsoro da damuwa a bar gwaji, domin ni nawa ƙarancin ƙarfe ne tsagwaronsa. An daɗe ana ce mini in kwantar da hankalina, alhali ko tafiya kaɗan na yi sai in ji zuciyata tana bugawa a kunnena. Da aka auna feritin aka ga ya yi ƙasa ƙwarai, aka ƙara mini ƙarfe ta jijiya, kuma bayan wasu makonni ƙarfina ya fara dawowa, sha'awa ta biyo shi ba tare da na yi wani abu daban ba. Saboda haka ka yi magana da iyalinka kamar yadda ta ce, amma kada ka bar asibiti sai an ɗebi jininka.

Ina kuma da tambaya ga Malam, wadda na tabbata tana cikin ran mutane da yawa. Duk wanda ya ji kana da irin wannan matsala, abin da zai fara kawo maka shi ne Viagra, ko allurar testostiron, ko magungunan ƙarin kuzari da ake tallatawa a intanet. Shin akwai wanda ya dace da mai ciwon hanji a cikinsu, ko da na ɗan lokaci ne kafin jiki ya dawo daidai?

Mai Neman Sauƙi ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Malam, na ji gargaɗinka, kuma zan ci gaba da rage prednisolone yadda aka tsara mini. Game da sauran magunguna, akwai metoclopramide da nake sha kusan kullum saboda tashin zuciya, sai kuma tramadol, wanda aka rubuta mini lokacin da aka kwantar da ni a asibiti, nake kuma komawa gare shi duk lokacin da murɗawar ta tsananta. Ban taɓa kawo su cikin lissafi ba, domin a wurina ƙananan magunguna ne. Hakin da kuka ambata kuwa ina da shi, musamman idan na hau bene.

Yaya, na bi shawararki, na yi magana da mai ɗakina da yamma. Ta saurare ni har na gama, ta ce ta daɗe da sanin ba barci nake yi ba, sannan abin da ta fara tambaya shi ne ko likita ya sani. A nan ne har yanzu nake da nauyin baki, domin lokacin ganin likita gajere ne, sau da yawa kuma akwai wasu a ɗakin, ban san ta inda zan ɓullo wa maganar ba.

Mai Harhaɗa Magani ya rubuta:

Malam, waɗannan biyun da ka kira ƙanana suna iya kasancewa manya a wannan matsala. Metoclopramide yana toshe aikin sinadarin dofamin, kuma idan aka toshe shi sai wani sinadari mai suna furolaktin ya hau, wanda shi ne ke sa nono ya kawo ga mai shayarwa, amma a jikin namiji hawansa yana danne testostiron yana kashe sha'awa. Ban da haka, ba magani ba ne na sha kullum. Tun a 2013 hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta taƙaita shan sa zuwa kwana 5, saboda daɗewa a kansa yana iya jawo motsin fuska da gaɓɓai wanda mutum ba ya iya sarrafawa. Tashin zuciyar da ya daɗe haka yana buƙatar a nemo sanadinsa, ba a yi ta danne shi ba.

Tramadol kuwa dangin kodin ne da mofin, kuma an san duk danginsu da rage testostiron idan aka daɗe ana sha. Ga mai kolaitis yana da wani haɗarin na daban, domin yana sanyaya motsin hanji, yana kuma ɓoye zafin da ya kamata ya faɗakar da kai cewa ciwon ya tashi, kuma a lokacin kumburi mai tsanani hakan yana iya kai babban hanji ga buɗewa da kumbura ta hanyar da ke barazana ga rai. Idan ka saba shan sa a kai a kai, shi ma kada ka yanke shi dare ɗaya, likita ne zai tsara maka yadda za ka sauka. Kada kuma ka maye gurbinsa da ibuprofen ko diclofenac, domin suna iya tayar da ciwon, paracetamol ne aka fi amincewa da shi.

Ga tambayar Abokin Jinya, Viagra da danginsa jini suke ƙara kaiwa ga gaba, ba sa haifar da sha'awa, saboda haka wanda matsalarsa rashin so ce, kamar mai wannan tambaya, ba zai ga wani amfani ba, kuma haɗa su da magungunan ciwon zuciya na dangin naitiret yana iya saukar da jini zuwa matakin haɗari. Allurar testostiron tana da gurbinta, amma sai an tabbatar da ƙarancinsa fiye da sau ɗaya kuma an kawar da abubuwan da ke danne shi, domin tana danne samar da ƙwayoyin maniyyi, tana kuma kaurara jini, wanda bai dace a yi wasa da shi ba ga masu kumburin hanji, tun da dama sun fi sauran mutane haɗarin daskarewar jini a jijiya. Magidancin da ke son ƙarin haihuwa ya kamata ya san wannan kafin a tsira masa ita. Su kuwa na tallar intanet, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sha gano sinadarin Viagra a ɓoye a cikin irinsu ba tare da an rubuta a jiki ba, kuma hanjin da ke da gyambo ba wurin gwada abin da ba a san haɗinsa ba ne.

Game da nauyin baki, ka rubuta maganar a takarda tun daga gida ka miƙa masa da zarar ka zauna, kafin a shiga lissafin sau nawa kake zagayawa, domin abin da aka bari sai ƙarshe yakan tafi ba a faɗa ba. Jimla ɗaya ta isa: tun da aka fara wannan magani sha'awata ta ɗauke, kuma abin yana taɓa aurena. Kana da haƙƙin ka nemi a ba ku wuri ku biyu. Ka tafi da kwalayen dukkan magungunanka, har da metoclopramide da tramadol, ka nemi a duba himogulobin da feritin da CRP da kalfurotektin, a ƙara da furolaktin da tayiroyid, wato 'yar gaɓar da ke gaban wuya, sannan testostiron na safe. Ka kuma gaya masa gaskiyar halin zuciyarka, domin ciwon damuwa yana da yawa a tsakanin masu wannan cuta, kuma yana cikin abubuwan da suka fi alaƙa da mutuwar sha'awa. Idan har za a ba ka maganin damuwa, ka ambaci wannan matsala tun kafin a rubuta, domin irin su sertraline da fluoxetine da paroxetine suna iya ƙara ta, alhali akwai wasu, kamar mirtazapine, da ba su cika yin haka ba. Wanda kuma baƙin ciki ya kai shi ga tunanin rabuwa da rayuwa, kada ya jira ranar da aka ba shi, ya nemi likita a ranar.

Ka tambaya ko abin yakan dawo. Ga mafi yawan waɗanda sanadin nasu kumburi ne ko ƙarancin jini ko magani, yakan dawo, amma a hankali, cikin makonni ko 'yan watanni bayan an gyara sanadin, kuma yawanci ƙarfin jiki da barci ne ke fara daidaita kafin shi. Idan ciwon ya lafa, ka rabu da prednisolone, jini ya cika, aka kuma yi kamar wata uku babu wani canji, ka nemi likitan hanjin ya tura ka wurin likitan sinadaran jiki ko na mafitsara da al'aurar maza, ka tafi masa da sakamakon duk gwaje-gwajen da aka riga aka yi maka.